Gado, Aro ko Dace? Sharhi a kan Kwatanta Harsuna, daga Ilokano da Fashto zuwa Hausar Ƙonni

1.0 Gabatarwa

Abin da ya jawo wannan sharhi shi ne wani daftarin kundi da wani ɗalibi ya kawo mini in duba. Ɗalibin ɗan Alela ne, cikin gundumar Ƙonni, ya tashi yana jin Hausa da Tamajak da Fulatanci a kasuwa ɗaya. Manufarsa ita ce ya nuna cewa Hausa da Tamajak dangi ne. Sai ya ja layi uku, ya jera kalmomin Hausa a na farko, na Tamajak a na biyu, ma'anarsu da Faransanci a na uku, duk inda ya ga kama ya sa alama. Daga ƙarshe ya ƙirga alamomin, ya ce dangantaka ta tabbata.

Sakamakon nasa daidai ne, domin Hausa da Tamajak duka suna cikin babban gidan Afro-Asiya. Amma hanyar da ya bi ba ta tabbatar da komai ba. Da na faɗa masa haka sai ya ce, "Malam, to ai sun yi kama." Wannan amsa ce takardar nan za ta yi ƙoƙarin tattaunawa, saboda ba shi kaɗai ke ba da ita ba. Ana samun ta a kundaye da yawa, kuma kamar yadda za mu gani, har manyan masana sun taɓa dogara da ita.

2.0 Gwaji da harsuna biyu na nesa

Domin a raba batun da son zuciya, bari mu fara da harsuna biyu da babu mai da'awar gado a cikinsu a nan. Ilokano harshe ne na arewacin tsibirin Luzon a ƙasar Filifin, daga gidan Ostronesiya. Fashto kuwa ana yin sa a Afganistan da arewa maso yammacin Pakistan, daga reshen Iran na gidan Indo-Turai. Ta fuskar ginin jimla sun yi hannun riga: Ilokano kan fara da aikatau, Fashto kan ƙare da shi. Fashto na rarrabe jinsin namiji da na tamata a suna da sifa, Ilokano bai damu da wannan ba. Duk da haka, mai neman kama ba zai koma hannu sake ba:

(1) Ilokano: dua "biyu"
Fashto: dwa "biyu"

Wani zai ce ai wannan wasa ne. To, irin wannan kalma ce ta ruɗi Franz Bopp, wanda ake ɗauka ɗaya daga iyayen nahawun kwatance. A 1841 ya wallafa nazari inda ya nemi haɗa harsunan Malayo-Folinesiya da na Indo-Turai, yana kafa hujja musamman da alƙaluma da wakilan suna. Ba a karɓi ra'ayin ba, kuma dalilin a fili yake. Idan aka bi kowace kalma baya cikin danginta, dua ta fito daga *duSa na tsohon harshen Ostronesiya, dwa kuwa ƴar'uwar deux ce ta Faransanci da duo ta Latin. Kowace da hanyarta, haɗuwarsu dace ne kurum.

Ƴan'uwan gaske sau da yawa ba sa kama. Harshen Malagasi na Madagaska dangin Ilokano ne, amma ga yadda suke:

(2) Ilokano: dua, tallo, uppat, lima, mata "ido"
Malagasi: roa, telo, efatra, dimy, maso "ido"

Haka kuma tsakanin Fashto da Farisanci, wato harshen Iran:

(3) Fashto: las "goma", laas "hannu", lur "ɗiya mace", plaar "uba"
Farisanci: dah, dast, dokhtar, pedar

A misali na (3) babu kalma ɗaya da ɗalibina zai sa wa alama, sai watakila ta ƙarshe. Amma duk inda Farisanci ke da d, Fashto na da l, sau huɗu a jere. Wannan maimaituwar ita ce hujja. Dace kan faru sau ɗaya, ba ya bin ƙa'ida. Wato ke nan las ta Fashto da dix ta Faransanci tushensu ɗaya ko da ba su yi kama sosai ba, kuma Faransancin da ake buga rabin wannan mujalla da shi ya fi kusa da Fashto nesa ba kusa ba a kan Ilokano.

Na ƙara wa ɗalibin gwajin da Hausa kanta. Da Ilokano uwa ita ce ina, mu kuma muna da inna. Ilokano na yin jam'in wasu sunaye ta hanyar ninka baƙi, ubing "yaro", ubbing "yara", mu kuma muna da buga da bubbuga. Mallaka a Ilokano na zuwa da ni, alal misali balay ni Juan "gidan Juan", ga kuma -n ɗinmu ta gidan Audu. Teburi a Ilokano lamisaan ne, daga la mesa na Sifaniyanci, inda aka haɗiye ƴar kalmar da ke gaban suna, daidai yadda muka yi da l'école ta zama lakwal, da al-waƙt ta zama lokaci. A ɓangaren Fashto kuma, yawancin sunayen tamata na ƙarewa da -a kamar a Hausa, sannan ga kitaab, ƙalam, dunyaa, mu kuma littafi, alƙalami, duniya. Cikin rabin sa'a na sama wa Hausa dangi biyu a Asiya, alhali inna kalmar bakin jarirai ce da ake samu a harsuna barkatai, ninki da haɗiye ƴar kalma hali ne na harshe ko'ina, kalmomin Fashto ɗin nan kuwa daga Larabci muka aro su mu duka.

3.0 Tarihin kuskuren a nazarin Hausa

Wannan cuta ta daɗe a fagenmu. A littafinsa Die Sprachen der Hamiten (1912), Carl Meinhof ya sa Hausa da Fulatanci da Masai a rukuni ɗaya da ya kira na Hamawa. Hujjojinsa na siffar nahawu ne, an kuma cakuɗa su da ra'ayin launin fata da na kiwon shanu da ya yi tashe a Turai a lokacin. Sai a 1949 Joseph Greenberg ya nuna a fili cewa makusantan Fulatanci su ne Serer da Wolof na Senegal, ba shi da haɗi da Hausa ta fuskar gado. Wanda ya zauna a Ƙonni ya san Hausa cike take da kawu, goggo, baffa, arɗo, burtali. Waɗannan shaidar zaman tare ne da auratayya da kiwo. Shekara nawa aka yi ana karanta su a matsayin shaidar asali, wannan wani batu ne.

Marcel Cohen, a Essai comparatif ɗinsa na 1947, ya shigar da kalmomin Hausa cikin kwatancensa amma bai yarda ya ba ta cikakken mazauni a gidan ba. Greenberg ne ya ba ta, tare da sauran harsunan Cadi, a jerin maƙalolinsa da aka tara cikin The Languages of Africa (1963). Sannan Newman da Ma (1966) da Newman (1977) suka fara aikin da ya fi wuya, wato fitar da daidaiton sautuka tsakanin harsunan Cadi su kansu. A nan akwai darasin da ɗalibai kan tsallake. Hausa ba a kwatanta ta kai tsaye da Larabci ko Tamajak, sai an bi ta kan Bolanci da Ngizim da Angas da sauran ƴan ɗakinta. Kalmar ruwa misali ce. Tamajak na da aman, Larabci na da maa', Bolanci na da amma. Hausa ta yar da tsohuwar kalmar ta ɗauki wata. Wanda ya tsaya ga Hausa kaɗai zai rubuta "babu kama", alhali shaidar na nan a Fika.

Littafin da ɗalibai suka fi ɗauka idan za su yi irin wannan aiki shi ne Hausa Comparative Dictionary na Neil Skinner (1996). Ba na raina wahalar da aka sha wajen tara shi, ni ma ina buɗe shi. Amma a ganina an fi cutuwa da shi fiye da amfanuwa a matakin kundi. Ƙarƙashin kalmar Hausa guda sai a tarar da siffofi daga Cadi, da Kush, da Omo, da Berber, da tsohon harshen Masar, da harsunan Samawa, wani lokaci har da maƙwabta da ba dangi ba, ba tare da an shimfiɗa ƙa'idar da ke kai wannan sauti ga wancan ba. Gwani zai ɗauke shi a matsayin rumbun abin da za a tantance. Ɗalibi kuwa yakan ɗauka an riga an tantance, sai ya kwafe abin da ya yi masa daɗi. Na ga inda aka kwafo kalmomi daga shafi ɗaya na Skinner aka tabbatar da cewa Hausa daga Masar ta fito, na kuma ga inda aka kwafo daga wannan shafin aka ce daga Habasha.

4.0 Hausa da Tamajak a ƙasar Adar da Ƙonni

Yanzu mu koma ga jerin ɗalibin. Mafi yawan kalmomin da ya sa wa alama irin waɗannan ne:

(4) Hausa: takobi, takarda, tozali, azurfa, azumi, amale, raƙumi
Tamajak: takoba, takarḍe, taẓolt, aẓrəf, aẓum, amali, aḷəm

Kama kam sun yi, har ta yi yawa. Harsunan da suka rabu shekaru dubbai ba sa barin kalma ta zauna haka sumul. Kuma akwai alamomi a jikin kalmomin da ke tona asirinsu. A Tamajak ɗafa-goshin t- alamar tamata ce mai rai: aḷəm "raƙumi", taḷəmt "taguwa". To amma takobi da tozali a Hausa maza ne, muna cewa takobin sarki, tozalin amarya. Bahaushe ya ɗauki kalmar ɗungurungum bai san t- ɗin na da aiki ba, ya ba ta jinsi bisa ga wasalin ƙarshe. Takarda ta zama tamata ne saboda ta ƙare da -a. Ita takarda ma ba ƴar Berber ba ce tun asali, daga charta ta Latin ta shigo Afirka ta Arewa, don haka ita da carte ta Faransanci tsatsonsu ɗaya. Azumi kuwa daga ṣawm na Larabci yake, amma a- ɗin farko da z ɗin tsakiya sun nuna ta bakin Berber ya biyo kafin ya iso mu, saɓanin salla da ta riƙe s ɗinta.

Raƙumi ya fi sauran ban sha'awa. Hausa na da ƙ a tsakiya, aḷəm na Tamajak ɗin da ake ji a kasuwar Badagishiri ba shi da wani baƙi a wurin. Amma Berber ta arewa, irin ta Kabil, na da alɣem. Ke nan siffar da Hausa ta ara ta girmi wadda maƙwabtanmu ke furtawa a yau, kuma Hausa ta adana wa Berber wani abu na tarihinta. Irin wannan tantancewa ce Claude Gouffé ya fara a maƙalarsa "Contacts de vocabulaire entre le haoussa et le touareg" (1974), Maarten Kossmann kuma ya faɗaɗa ta a Berber Loanwords in Hausa (2005). Abin da ya ba ayyukan biyu daraja shi ne ba su tsaya ga "sun yi kama" ba. Suna tambayar wa ya ara daga wa, ta wace hanya, kuma ba sa jin kunyar jefar da kalma idan hujja ta gaza. Aibin da zan iya kamawa ɗaya ne, shi ma ba laifin marubutan ba ne kacokan: Hausar da ake kwatantawa da ita galibi ta ƙamusun Bargery (1934) da Abraham ce, alhali inda harsunan biyu suka fi gogayya shi ne nan arewa.

Tarihin gogayyar sananne ne. Djibo Hamani (1975) ya bayyana yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Adar wajen 1674, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Adar a Illela. Ga ayarin gishiri, ga zangon Abzinawa a wurare irin su Tajaye. Jerin ɗalibin, in an karanta shi daidai, kundin wannan tarihi ne: makami, dabbar hawa, ado, rubutu, ibada. Aiki ne mai kyau da aka sa wa suna marar kyau.

Kan iyaka ma na koyar da wannan darasi. Tsakanin Birnin Ƙonni da ɗaya Illelar, ta jihar Sakkwato a Nijeriya, tafiyar ƴan kilomitoci ce. A wannan gefe ana cewa lakwal, mushe, biro, kaso, a wancan ana cewa makarantar boko, tica, ofis, gidan yari. In da ƙirga kalmomi ne ke auna dangantaka, da sai mu ce mutanen garuruwan biyu sun fara rabuwa da harshe, alhali yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898 zuwa 1906 ne kawai suka ratsa tsakaninsu.

To ina gadon yake? Yana cikin kalmomi ƙalilan da ɗalibin ya tsallake ko ya sa musu alamar tambaya:

(5) Hausa: mutu, sani, suna, halshe, mi
Tamajak: əmmət, əssən, esəm, iləs, ma
Larabci: maata, (babu), ism, lisaan, maa

Waɗannan ba kayan kasuwa ba ne, kuma ana samun takwarorinsu a sauran harsunan Cadi da ba su taɓa ganin Buzu ko Balarabe ba. Wannan sharaɗi na biyu shi ne mai muhimmanci. A lura kuma da cewa na rubuta halshe da mi, yadda ake faɗi a Ƙonni, domin harshe da me na daidaitacciyar Hausa sun fi nisa da tushen. A halshe, ha- tsohon ɗafa-goshi ne na sassan jiki, irin wanda ke cikin haƙori da hanci. In an cire shi, l da s ɗin iləs da lisaan ne suka rage, s ta zama sh a gaban e.

5.0 Shaidar da ɗalibin ya bari a gida

Abin da ya fi ba ni takaici a daftarin shi ne, marubucinsa ya gyara Hausarsa kafin ya kwatanta ta. Duk inda bakinsa ya ce zamna, amre, sabka, abduga, ɗamre, alƙalaminsa ya rubuta zauna, aure, sauka, auduga, ɗaure. Tun 1928 August Klingenheben ya nuna cewa baƙaƙen ƙarshen gaɓa sun raunana a Hausa: ƴan hanɗa sun koma u a ko'ina, shi ya sa muke da talaka amma talauci, ɓauna amma ɓakane. Ƴan leɓe kuwa a gabas kaɗai suka koma u. Wato karorin yamma, da suka haɗa da Sakkwatanci da Gobiranci da Adaranci da Hausar Ƙonni, su ne suka riƙe tsohuwar siffa. Mai kwatance da ya jefar da zamna ya ɗauki zauna ya jefar da baƙin da zai yi aiki da shi. Haka ɗiya take a gaban ƴa.

Hujja mafi ƙarfi ta shigar Hausa gidan Afro-Asiya ma a bakin mutanen Alela ta fi fitowa. Greenberg (1960) ya nuna wani tsari da ke ratsa gidan, inda n ke nuna namiji, t tamata, n kuma jam'i. A dubi dirka:

(6) Kano: doki ne, goɗiya ce, dawaki ne
Ƙonni: doki na, goɗiya ta, dawaki na

A Kananci t ta ganɗance ta koma c a gaban e, sai tsarin ya ɓoye. Haka a mahaɗi, inda Kano ke da rigar sarki da hular malam, yamma na da rigas sarki da hulam malam, tsohuwar t ta nashe cikin baƙin da ke biye. Ita ce kuma ke cikin wagga, kishiyar wanga. A Tamajak wannan t ɗin ce ke cikin wa "wannan, namiji" da ta "wannan, tamata", da taḷəmt da muka gani, a Larabci kuma ita ce ta'un tamata. A nan ne za a ga bambancin wannan da ni ta Ilokano da na kawo a baya. Baƙi ɗaya tilo, musamman n, kowane harshe na iya samun sa a kowane aiki. Amma jeri mai gida uku, kowane baƙi a gidansa, yana maimaituwa a dirka da mahaɗi da nunau, sannan a same shi a rassa daban-daban na gidan, wannan ya wuce dace, kuma ba a san harshe na aron irinsa a kasuwa ba.

Ko a nan ɗin ma sai da hattara. Kowa na son kawo ya da ta na Hausa kusa da ya-ktubu da ta-ktubu na Larabci, da i- da t- na aikatau a Tamajak. Game da ta babu gardama. Game da ya kuwa akwai masana harsunan Cadi da ke shakka, kuma Hausar yamma na ƙara wa shakkar nauyi, tunda inda Kano ke cewa yana zuwa da sai ya zo, a Ƙonni shina zuwa ne da sai shi zo. Wace ce tsohuwar siffa, kuma a wane lokacin aikatau, tambaya ce da ta isa kundi guda ita kaɗai, kuma ɗan Alela ya fi ɗan Kano damar amsa ta.

Le haoussa de l'Ader na Bernard Caron (1991) ya nuna cewa ana iya bayyana karin arewa maso yamma a bisa tsarin kansa, ba a matsayin jerin kurakurai daga Kananci ba. Abin mamaki shi ne yadda ɗalibanmu ke ambatar littafin a bitar ayyukan da suka gabata, sannan su rufe shi su koma ga ƙamus. Ina jin laifinmu ne mu malamai. Mun koya musu ƙa'idar rubutu, tun daga taron Bamako na 1966 har zuwa dokar rubutun Hausa ta 1999, mun hore su a kan f da h har suka ɗauka hwara da tahi abin kunya ne ko a cikin misalin bincike. Ƙa'idar rubutu ta littafin makaranta ce. Misalin bincike kuwa ana rubuta shi yadda aka ji shi, da tsawon wasali da karin sauti, da sunan garin da aka ji shi.

Batun ya ƙara nauyi tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Za a rubuta littattafan karatu, kuma kowanne zai so ya buɗe da babi a kan asalin Hausa. Waɗanda za su rubuta babin su ne waɗanda muke duba kundayensu yanzu. In muka bar layi uku da alama suka wuce, yaran Malbaza da Galmi za su haddace cewa Hausa ɗiyar Larabci ce saboda littafi da alƙalami, ko ta Tamajak saboda takobi.

Ɗalibin ya koma Alela da na'urar ɗaukar magana. Na ce ya raba tsohon jerinsa gida uku, ya bar gida na huɗu ga kalmomin da ya kasa yanke musu hukunci, kuma kowace kalmar Tamajak ya rubuta wanda ya faɗa masa ita ɗan wane zango ne, domin Tamajak ɗin Tajaye ma yana da nasa aron daga Hausa, kuma ba wuya a ba shi kalmarsa ta gida a cikin rawani.